Na Je Yauri Ganin Gumin Suruki

Zuru

Ranar Alhamis, tun kafin ladanin masallacin tasha ya kira assalatu, na riga na ɗaure takalmina. Matata Saratu ta miƙo mini ƙullin gyaɗa, ta ce, "Saja, don Allah kada ka je ka kunyata ɗan mutane." Na ce ni kallo kawai zan je yi. Ta ce ai kallon nawa take tsoro.

Ga yadda maganar take. Akwai wani yaro Ishaya, asalinsa ɗan Dabai ne amma a barikin soja na Legas ya tashi, yana neman auren 'yata Rifkatu, wadda ke aikin jinya a nan Zuru. Ni kuwa sai da na yi golmo kafin a ba ni uwarta, wato noman da saurayi ke yi wa surukansa shekara da shekaru. Na san zamani ya canza, ban ce sai ya riƙe garma a gonata ba. Abin da na ce kawai, ba zan ba da 'ya ga mutumin da ban ga guminsa ba. Da na tambayi sana'arsa, sai ya ce wai yana koya wa mutane gudu a kan ruwa da lema, iska na jan su, har gasar sauri yake shiga. Na ce wannan ai wasan yara ne. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ka zo Yauri ka gani da idonka, duk hukuncin da ka yanke na karɓa." Na yarda. Mu ukun da za mu tafi, ni da shi da Rifkatu, duk mun san amsar auren nan tana can bakin kogin Kwara.

A tasha na tarar da shi da wata doguwar jaka wadda ta fi ni tsawo. Direba ya zagaya ta sau biyu, ya ce, "Wagga jaka mi ke ciki, gawa?" Ishaya ya ce kayan aiki ne. Direba ya ce gawa ko kayan aiki, kuɗin kujera guda za ta biya. Aka ɗaure ta a saman mota. Ba mu tashi ba sai da gari ya yi haske, don yanzu ba mai hankalin da ke bin hanyarmu cikin duhu. Ni a gaba, Rifkatu a tsakiya da wasu mata, Ishaya can baya kusa da buhun barkono, yana ta atishawa.

Dabai zuwa Koko

Mun wuce Dabai mutane na ta sharar gona, ana jiran ruwan farko. Ishaya ya nuna wani tsauni ya ce nan gidan kakansa yake. Na ce to, aƙalla ya san hanyar gida.

Kafin Mahuta muka iske shingen sojoji. Wani ɗan kofur ya ce a sauke jakar a buɗe. Ya ga allo mai santsi, da famfon hura iska, da igiyoyi sirara, da tulin yadi ja da rawaya. Ya ce, "Wannan lema ce? Daga jirgi za ku diro?" Na fito na gaya masa ni tsohon saja ne, da inda na yi aiki, ya ƙame ya sara mini. Da ya ji dalilin tafiyar, sai ya leƙa motar ya dubi Rifkatu, ya ce, "Baba, in wannan ya faɗi jarrabawa, ina nan shingen har ƙarshen wata." Motar duka ta kwashe da dariya, ban da Ishaya.

Hanyar Mahuta ba ta canza hali ba, rami na miƙa ka ga rami. Rana ta take muka shiga Koko. Muka ci waina da miyar taushe a wata rumfa, muka sauya mota zuwa Yauri. Zafi kamar a bakin murhu, ko ganye ɗaya ba ya motsi. Na ce wa Ishaya, "Ina iskar, abokiyar aikin taka? Ko ta tafi hutu?" Ya ce, "Za ta zo, Baba." Rifkatu ta harare ni ta gefen ido, na yi kamar ban gani ba.

Yauri

Mun sauka gidan Alhaji Garba, abokina tun muna kurata, wanda yanzu yake fataucin albasa. Ya rungume ni ya ce, "Kai, Saja, tumbi ka aje haka?" Na ce nasa ya riga nawa yin ritaya. Aka kai Rifkatu wajen Hajiya, Ishaya shagon samari, ni kuma ɗakin baƙi. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, irin wanda mu mutanen tudu sai dai mu ji labari. Na ci har na ji kunya.

Da la'asar muka je bakin kogi. Ruwa shimfiɗe kamar tabarma, faɗinsa har ido ya gaji, amma babu iska. Ishaya ya tsaya yana ɗaga wata 'yar na'ura sama, tana juyawa da ƙyar. Muka zauna har magariba muka komo. Garba ya raɗa mini, "Wanga yaro yana da haƙuri, ni da tuni na jefa ka ruwa."

Ranar Juma'a da hantsi sai ga ganyen darbejiyar gidan ya fara kaɗawa. Kafin Garba ya dawo masallaci, shanyar Hajiya ta bar igiya ta koma gidan maƙwabta. Iska ce daga kudu maso yamma, mai ƙarfi, ba ta yankewa. Ishaya ya ƙi cin abinci sosai, sai safa da marwa yake a ƙofar gida.

Kan gungu

Muka ɗauki kwalekwale mai inji zuwa wani gungu, wato tsibiri, inda masunta ke da 'yar tunga. Ni da ruwa ba mu saba ba, na riƙe gefen jirgin da hannu biyu, mai jirgin kuma ya ga dama ya fara ba ni labarin dorina. A bayan gungun akwai dogon tudun yashi da ke tare igiyar ruwa. Ishaya ya ce abin da masu gudun sauri ke nema ke nan, iska mai ƙarfi a sama, ruwa kwance a ƙasa.

Ya shimfiɗa lemar, ya hura bakinta da famfo har ta yi tauri, ta lanƙwashe kamar jinjirin wata. Ya ja igiyoyi huɗu masu tsawo zuwa wata 'yar sanda, ya ɗaura ɗamara a ƙugu ya maƙala su. Sannan ya ce, "Baba, ka taimake ni. Ka riƙe ta a tsaye, in na ɗaga babban yatsa ka saki." Na riƙe. Ashe abin da rai. Tana fizga, ni kuwa da na saba da ragon da ke neman ƙwacewa sai na ƙara damƙa. Ya ɗaga yatsa, na ƙi saki. Rifkatu ta ce, "Baba, saki mana!" Kafin in yi shawara lemar ta yanke mini hukunci, ta tashi sama, ni na zauna daɓas a kan yashi. Garba ya yi dariya har da riƙe ciki.

Abin da na gani bayan nan, ban taɓa ganin irinsa ba. Yaron ya sa ƙafafu a kan allon, ya karkato lemar ƙasa, sai kawai ya miƙe a kan ruwa ya tafi. Ya kwanta baya har kafaɗarsa na neman taɓa ruwa, gefen allon na yanka kogin, farin feshi na tashi a bayansa. Igiyoyin har kuka suke yi. Ya bi gefen tudun yashin nan tiryan-tiryan, kafin in gyara hulata ya zama ɗan ɗigo. Ya juyo ya sake wucewa ta gabanmu, na ji iskar wucewarsa a fuskata. Mai jirginmu ya tada inji wai zai gwada shi, Ishaya ya bar shi a baya kamar an ɗaure jirgin a turke. Masunta suka bar gyaran taru, mata suka bar kifi a kan wuta, kowa ya taru yana tafi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, har na tsinci kaina ina gaya wa wani tsoho cewa yaron ɗan gidana ne.

Da ya fito shan ruwa na ce ya nuna mini hannunsa. Tafin duk kanta, cinyoyinsa na rawa don gajiya, gumi da ruwan kogi sun haɗu. Ya duba agogon hannunsa mai auna gudu, ya ce saura ƙiris ya kai saurin da bai taɓa wucewa ba a Legas. Iska kuma sai ƙaruwa take. Ya ce in ya ƙara zagaye ɗaya ko biyu zai zarce shi.

A nan ne hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, can nesa bayan gari. Ni manomi ne, na dube shi na ce da sauran lokaci, ruwan nan ba zai iso yanzu ba. Ishaya ya dube shi shi ma, ya daɗe yana kallo, sai ya ce wa Rifkatu ta zo ta kama masa lemar, zai sauke.

Mutane suka fara gunaguni. Wani saurayi ya ce, "Ɗan Legas ya ji tsoro." Maganar ta soke ni. A wurinmu, ranar golmo ba mai barin kunyar da yake nomawa don ya ga hadari. Sai ruwa ya doki bayanka tukuna, kuma wanda ya fara ajiye garma, 'yan mata za su sa shi a waƙa har kaka. Haka aka auna ni, haka na san ana auna namiji. Na matsa kusa na ce, "Koma ka ƙarasa abin da ka fara." Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan koma ba." Raina ya ɓaci, na ce, "In ka naɗe lemar nan a gaban mutane, ka naɗe maganar Rifkatu da ita."

Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Baba, kai ruwan kake lissafi, ni iskar da ke gabansa nake lissafi. Ko ɗalibina ba zan bari ya shiga ba, balle ni da ake jira." Ya durƙusa ya cire toshiyar lemar, iska ta fita. Rifkatu ba ta dube ni ba, ta durƙusa kusa da shi suna naɗewa tare.

Ko gama zuge jakar ba su yi ba, iskar nan ta kudu ta ɗauke ɗif. Wuri ya yi tsit. Sai wata ta taso daga gabas, ba ɗigon ruwa ko ɗaya a cikinta, ta zo da yashi da kara da kwanon wani. Mai jirgi ya ce ba mai ƙetarewa yanzu, muka ruga tungar masunta. Ina gani ta ɗauke rufin wata rumfa ɗungurungum ta jefa a kogi, ta kife wani kwalekwalen da ba kowa a ciki. Ruwan da nake lissafi bai sauko ba sai can daga baya. Muna tsugune a bukkar wani masunci, na tuna yadda lemar nan ta zaunar da ni a iskar da ba ta kai rabin wannan ba, na tuna igiyoyin a ƙugun yaron suke ɗaure, kuma ni ne na ce ya koma. Garba ya matso ya ce a kunnena, "Saja, da ka yi wa ɗiyarka takaba tun ba a ɗaura ba."

Komowa

Ranar Asabar da safe Hajiya ta cika mana kwali da busasshen kifi, Garba ya ƙara da albasa, ya raka mu tasha. Ishaya ya nufi kujerar baya kamar yadda ya saba, na ce ya dawo gaba kusa da ni. A Koko na saya masa balangu, ya karɓa da hannu biyu yana kallona kamar mai jiran a karanta masa hukunci. Na bar shi ya jira, don ni ma an bar ni na jira a zamanina. A shingen Mahuta ɗan kofur ɗin nan ya leƙo ya ce, "Baba, yaya jarrabawa?" Na ce ya ci gaba da tsaron hanya.

Mun shiga Zuru da la'asar, ƙasa jiƙe, ashe ruwan ya biyo ta nan ma. Saratu na tsaye a ƙofar gida, ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta ce, "To?" Rifkatu ta sunkuyar da kai, Ishaya ya tsaya nesa rungume da jakarsa. Na ce, "Ki jiƙa dawa, ki aika wa 'yan'uwa. Mutanen Dabai za su zo gaisuwa." Rifkatu ta rufe fuska ta ruga ɗaki, uwarta ta rangaɗa guɗa har awaki suka watse.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu mu uku cif, na gode wa Alhaji Garba da Hajiya, da masuncin da ya ba mu bukkarsa ban ko tambayi sunansa ba. Kafin Ishaya ya tafi ya sake durƙusawa, ya ce yana roƙon in bar shi ya zo da damina ya yi mini noma ko na kwana biyu ne, don kada a ce ɗan Dabai ya ɗauki mata bai taɓa garma ba. Na ce ya zo, garma na nan, kuma ba zan rage masa kunyar noma ko ɗaya ba. Amma ranar da hadari ya haɗo muna gona, shi zai ce mana mu tashi.