Fim Ɗin da Ya Tsaya a Bakin Ƙofa

Yayana talabijin yake sayarwa. Ba shagonsa ba ne, kada ku ɗauka. Na wani ne da muke kira Maigida. Shi dai Yaya shi ne mai buɗewa, mai goge gilasai, mai yi wa masu saye bayani, in an saya kuma ya bi kayan har gida ya kafa a bango. 'Yan layinmu Rimot suke ce masa, don ba ka taɓa ganinsa babu ɗaya a aljihun gaba. Ni shagon labule gare ni a tsallaken titi, saboda haka duk abin da zan faɗa da idona na gani, ban da abin da ya faru a gidan wani mai saye. Wannan shi ya ba ni da bakinsa, shi ma sai da na yi da gaske.

In ka shiga shagon, bango guda talabijin ne tun daga ƙasa har rufi, manya da ƙanana, kuma duk fim ɗaya suke nunawa. Maigida ne ya zaɓe shi, ba don labarin ba. Wai jar rigar da jarumar take sawa tana fito da kala, mai saye ya gani ya ce kai, wannan akwai haske. Fim ne na soyayya da barkwanci. Wani gaula ne da 'yan mata suka yi ta gudu, ran nan ya tashi ya ce sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tambayi kowacce me ya sa ta bar shi. Wata ta watsa masa ruwan wanke-wanke. Wata ta manta shi kwata-kwata, ta ɗauka mai gyaran famfo ne, shi kuma kunya ta sa ya duƙa ya gyara mata. Ta ƙarshe ita ce mai jar riga, wadda ya fi so. Ya hau bene, ya tsaya a ƙofarta, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Nan hoton yake daskarewa, ya ɗan yi duhu, ya koma farko. Ranar da aka tura fim ɗin a filas, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin talabijin, wuta ce ta ɗauke, ƙarshen bai shiga ba, kuma ba wanda ya damu, don mai sayen talabijin ba ya zama kallon fim.

Yaya kuwa ya zauna. Shekara da shekaru, daga buɗewa har rufewa, yana ƙarƙashin bangon nan.

Ya taɓa aure. Anti nake ce mata, malamar makarantar yara ce, mai surutu da dariya, irin matan da in sun shiga ɗaki kowa ya sani. Shi kuma Yaya tun muna yara sai ka yi masa magana uku kafin ya mayar da ɗaya. Ba duka, ba zagi, ba yunwa. Wata safiya ta ce ya sauwaƙe mata. Ya ce, "To." Wallahi iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ina gidan a ranar. Ta haɗa akwatinta ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a kan mariƙi, tana kallonsa, ta daɗe a tsaye. Shi kuma bawan Allah sai ya tashi ya ɗaukar mata akwatin ya kai har mota.

Tun daga nan ɗakinsa bai motsa ba. Labulen da na ɗinka musu ya koɗe har ba ka gane kalarsa, na ce zan canja kyauta, ya ce a bar shi. Ƙusar da take rataye jakarta tana nan, ba ya rataya komai a kai. Na kawo masa maganar mata har na gaji, kowacce sai ya ce, "Madalla," ya ci gaba da goge rimot da gefen riga.

Wata rana na shiga shagon ba kowa, na same shi yana motsa baki tare da gaulan fim ɗin, kalma da kalma: "Ba rigima ta kawo ni ba. So nake kawai ki gaya mini me na yi." Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni. Na ce, "Yaya, ga waya, yanzu sai in nemo maka ƙarshen nan ka gani ka huta."

Ya ce, "Bar shi."

"Don me?"

"In na gani, ya ƙare ke nan."

Ko Maigida da ya ce a sauya fim ɗin da wani na kifaye a ruwa, Yaya ya ce masu saye sun saba da wannan. Ƙarya ce tsagwaronta, masu saye ba su ma san da shi ba.

To, ran nan wani mutum ya zo, mai fara'a, mai ɗan tumbi, ya sayi babba, ya kwatanta gida, ya ce shi zai wuce aiki amma iyali suna nan. Bayan azahar Yaya ya ɗauki injin huda bango da ƙarfen rataye da jakar notuna, direban shago ya taya shi hawa bene da kwalin ya koma mota. Yaya ya ƙwanƙwasa. Anti ce ta buɗe.

Ya ce mini ta ɗan yi ƙiba, ta fara sa tabarau. Ta ce, "Ikon Allah. Kai ne?" Ya ce, "Ni ne. A ina za a kafa?"

Ku ji fa. A ina za a kafa!

Ta nuna masa bango. Ya auna, ya yi alama da fensir, ya huda, ya share garin simintin da ya zubo. Ta kawo masa ruwa mai sanyi ta ajiye, ta tambayi lafiyata, ta tambayi ƙafar Inna, mahaifiyarmu. Ya amsa da kai. Ba ta koma ciki ba, ta zauna a hannun kujera tana kallonsa. Ya ce tambayar nan ta gaulan fim tana nan a ransa, duk notin da ya ɗaure sai ya ce in na gama wannan zan yi. Da ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Nan ya yi, ko in ɗan ɗaga?"

Ƙa'idar shagon ita ce ba a barin gidan mai saye sai an gwada hoto da sauti, kuma a wurin jar rigar ake gwada kala. Saboda haka ya zaro filas ya soka, ya tura fim ɗin gaba. Ga mai jar riga tana hawa bene, ga gaula ya biyo ta daga baya, ya tsaya a ƙofa, ya ɗaga hannu. Hoto ya daskare.

Anti ta yi dariyar nan tata. Ta ce, "Har yau wannan ne? Ni fa na ga ƙarshensa tuni."

Ya ce, "Ba sai kin faɗa ba."

Ta ce, "Ai ba wani abu ba ne. Ta buɗe, ya tambaye ta, ta gaya masa. Ba su koma ba, amma ya sauko yana dariya." Ta cire tabarau tana gogewa. "Shi dai ya tambaya."

Ya naɗe wayar injinsa, ya tattara notunan da suka rage, ya miƙa mata rimot da hannu biyu. Ta raka shi bakin ƙofa ta tsaya, hannunta a kan mariƙi, ba ta rufe ba. Ya ce, "In ya ba da matsala, a kira shago."

Da ya gama ba ni labarin a cikin shagona, na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa na gaba da ni ba. Na ce sau biyu mace ta tsaya maka a ƙofa! Na yi kuka ma, don haushi. Da na huce na ce, "To ai yanzu ka san gidan. Ka koma."

Ya ce, "Matar mutum ce. In koma in ce me na zo yi?"

Kuma gaskiyarsa ce.

Washegari ya riga kowa buɗe shago. Ya goge gilasai, ya soka filas, bangon ya kama gaba ɗaya. Kafin hantsi ga gaulan nan a tsaye a kowace talabijin, babba da ƙarama, hannu a sama, Yaya a ƙasa kan kujerarsa yana kallo. Ni dai na ja keken ɗinkina na juya shi ya fuskanci bango, har yau kuma a haka nake aiki.