Zakaran Kirsimetin Mama

Shekarar da motoci suka riƙa sauke mutanen Borno a Gombe, harabar cocinmu a Herwagana ta cika maƙil da 'yan gudun hijira. Matan zumuntar coci suka ce kowacce ta ɗauki wanda za ta iya riƙewa. Mama kuwa, Allah ya ji ƙanta, ba a riga ta irin wannan. Ta dawo mana da wata mai goyo, Musulma, wadda ta biyo maƙwabtanta Kiristoci don ba ta da sauran kowa. Baƙuwa muke ce mata.

Don murna, Baba ya kama kaza a tsakar gida ya yanka da hannunsa, Baƙuwa tana kallo. Aka kai mata tuwo da miya, ta ce, "Na gode, Mama," ta rufe kwanon. Washegari ma haka. Sai dai ta gutsuri gayan tuwo ta kora da ruwa. Nono ya ƙafe. Jaririyar da ta zo tana tsala ihu, kukanta ya koma kamar na 'yar kyanwa. Wallahi tsoro ya kama ni, kuma ni in na tsorata masifa nake yi.

"Mama, wannan wane irin iyayi ne? 'Yarta za ta mutu tana zaɓen abinci!"

"Ke, rufe mini baki," in ji Mama. "Ba abincin take gudu ba. Yankan babanki ta gani, tun daga nan ba ta yarda da miyarmu ba, kunya kuma ta hana ta faɗa."

A da, Malam na tsallaken titi ne yake mana yanka duk Kirsimeti, don gidansa su ci shinkafarmu, mu ma mu ci naman Sallarsu. Amma tun da bama-bamai suka fara tashi, aka shiga caje mutane a ƙofar coci, gaisuwarmu ta koma ɗaga hannu daga nesa. Ba faɗa aka yi ba. Kowa dai ya ja jikinsa.

Mama ta cafko jan zakaran da take ta kiwo.

Baba ya ce, "Haba, ina za ki da zakaran Kirsimeti?"

"Yesu ya aiko mini baƙuwarsa yau, ka ce in jira Disamba?"

Ta riƙo hannun Baƙuwa don ta gani da idonta, suka tsallaka titi, ina biye. Malam ya fito, ya dubi zakaran.

"Maman yara, ai na ɗauka kun daina."

"Mu ma mun ɗauka kun daina, Malam."

Ya shiga ya ɗauko wuƙa, ya yi bisimilla ya yanka. A sabuwar tukunya Mama ta dafa farfesun. Baƙuwa ta sha tana hawaye, Mama na tsaye a kanta tana faɗa: "Ƙara, 'yata! Sai kin ga ƙasan kwanon nan."

Ba a daɗe ba nono ya dawo.

Kirsimetin shekarar, shinkafa muka ci da miya ba ko ƙashi, muka aika wa gidan Malam nasu a haka. Yarinyar na goye a bayan Mama tana tsala ihu, har ba ma jin addu'ar Baba. Na ci Kirsimeti da yawa tun daga nan, da kaji da awaki, amma wannan nake kewa.