Baƙar akuya da tauraro mai tafiya

Shekarar da na fara koyarwa a lakol, wato makarantar boko, ta Gecheme, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, na zo hutu gida Lugu na tarar gari ya ɗauki zancen wani tauraro. Bayan magariba yake fitowa, ya ratsa sama a hankali ya ɓace. Mahaifina mutumin gargajiya ne, da aka duba masa aka ce a yanka wa doguwa baƙar akuya, in ba haka ba abin zai faɗo kan rumbunanmu.

Baƙar akuya ɗaya ce a gidan, ta matata. Matata kuwa ruwan nononta bai wadata ba, da nonon akuyar nan 'yarmu ta goye take rayuwa. Kunyar suruki ta hana ta cewa uffan, sai dai na ga ta ƙara wa akuyar dusa kamar mai sallama da ita. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Ni a lokacin kaina cike yake da karatu, ba na iya shan fura ban yi mata bayani ba. Wani malaminmu ya koya mana cewa ba wata igiya da ke riƙe da wata ko duniya. Abu mai nauyi shi ke lotsa sararin da ke kewaye da shi, har da lokaci, ƙaramin abu kuma yana tafiyarsa miƙe ne, hanyar ce ta lanƙwashe, sai ya yi ta kewaye. Na ƙaunaci wannan magana, har gobe ina ƙaunarta.

Da safe na ɗaure zanen matata da ƙafafun rumfa, na ja shi ya yi tsam, na ɗora ɗan dutsen niƙa a tsakiya, zane ya lotsa. Na kira Baba. Ya zo da wuƙarsa a kugu ya tsuguna.

“Wannan dutse duniya ce, Baba. Wannan ɗan magarya shi ne tauraron. Duba yadda zai kewaya.”

Na gangara shi ta gefe. Ya zaga dutsen, ya sake zagawa, gwanin kyau, har na fara murmushi. Sai zagayen ya yi ta tsukewa, ɗan magarya ya tafi ƙwas ya bugi dutse ya kwanta.

“To, mushe,” in ji Baba, don da wannan laƙabi na Faransanci da ake kiran malaman lakol yake kirana in zai yi mini ba'a, “ga shi nan ya hwaɗi. Mi ya rage?”

Na ce zanen ne yake goge shi yana rage masa gudu, can sama babu zane. Ya ce in babu zane, mi ne na ɗaure da rumfa? Na sake jefa wani, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Na hango matata a bakin ɗaki, ta juya baya tana jijjiga yarinya.

Cikin jin haushi na ce, “Ai waɗanda suka harba shi sun auna gudunsa kafin su sake shi.”

Baba ya ɗago kai. “Wa ya halba shi?”

“Nasara mana. Ƙarfe ne, su suka ƙera, hasken rana ne yake haska shi.”

“Ƙarhe? Na maƙera?” Ya dube ni ya daɗe. “Kai tun jiya kake ta lotsa kaza, lanƙwasa kaza, ba ka ce mani ɗan Adam ne ya jehwa shi ba. Ina ruwan doguwa da jihwar mutum? Abin da hannu ya yi ba a yi mashi yanka.”

Ya tsince 'ya'yan magaryar daga gindin dutse ya watsa a baki. Ban taɓa jin daɗin shan kaye irin na ranar ba. Ya miƙe ya karkaɗe riga, kuma da yake ba ya yi wa surukarsa magana kai tsaye, sai ya fuskanci rumbu ya ɗaga murya.

“A kwance zanen mutane. A tatso ma amaryata nono, tun ɗazu nike jin kukanta.”