Ai Ba Mushe Ba Ne

Na sha wuya, kuma ni na jawo wa kaina. Lokacin ina lodi a wani kamfanin robobi a Sharada, ina ɗan kiwon tumaki a gidana a Dorayi. Ban yi boko ba. Abin da na sani shi ne, dabba in ta mutu da kanta mushe ce, in wuƙa ta riga mutuwa kuwa ta halatta, magana ta ƙare.

Wata Lahadi tunkiyata ta kwanta tana zawo, ido ya juye. Matata ta ce a nemo likitan dabbobi, na ce wuƙa za ta miƙo min. Na yanka, ƙafa ta motsa, na yi hamdala. Da ta ga hantar duk ɗigo-ɗigo sai ta rantse ita da 'ya'yanta ba za su taɓa ba. Na ce ragwantaka ce kawai. Na gasa da kaina sama-sama, na baɗe da yaji, Litinin na kai wa abokan aiki don su san ni ma ina kyauta.

Mu tara muka ci. Ranar Talata mu taran muka yi layi a ƙofar banɗaki ɗaya, kowa da buta, tirela biyu na tsaye ba mai lodi. Wani dattijo ɗan Nijar da ke bayana ya ce in gaggauta, in ya rayu zai yi magana da ni. Shi ya fi jin jiki, kwana huɗu ana masa ƙarin ruwa. A asibiti na gaya wa likita ai ba mushe ba ne, da bisimilla na yanka. Ta ce wuƙata tunkiya ta kashe, ba ƙwayar cutar da ke cikinta ba.

Manaja ya ce aikina na hannun mutum takwas ɗin nan, in ɗaya ya ƙi ni, in kama gabana. Bakwai suka yafe, saura dattijon. Jama'a, dabba in ba ta da lafiya a kira mai duba ta, in ta tafi a binne. Asarar tunkiya ta fi sauƙi.

Washegari na hau adaidaita zuwa gidan dattijon a Challawa, na durƙusa gabansa na ce Baba ku yafe ni. Ya yafe. Amma da na miƙa masa goro, sai da ya tambaya ko goron ma ya yi jinya a gidana.