Shekarar da Ruwa Ya Tafi da Shinge

A Lafiya aka haife ni, kuma har na yi aure ban san wani ruwa ba sai na rijiyar gidanmu. Da aka ɗaura, sai aka kai ni ƙauyen mijina, can gaba da Assakio, a bakin kogi. Wannan kafin samun 'yancin kai ne da 'yan shekaru, lokacin da ba a ganin mota sai ranar kasuwa.

Ran da na fara fita aiki, surukata ta miƙa mini tulu ta ce in biyo ta. Mashayar garin wani lungu ne na kogin da maza suka kafe da manyan turaku, suka saƙa su da gora da igiya, kamar dangar gona amma a cikin ruwa. Cikin shingen nan ake ɗiba, a yi wanki, a yi wanka.

Na ce, "Inna, wannan dangar ta mece ce?"

Sai ta nuna mini tsallake da haɓa. Wasu gumaguman itace ne kwance a kan yashi. Ina cikin kallo ɗayansu ya buɗe baki, ya bar shi a buɗe. Kada ne. Tulun ya kusa suɓuce mini.

Ta ce, "Masu ruwa ke nan. A nan bakin ba a kiran sunansu. Mun tarar da su, iyayenmu ma haka suka tarar da su. Kada ki wanke nama ko kifi a nan. Kada ki tsuguna kina wanki hankalinki na wani wuri. In kika ga tsuntsaye sun yi tsit, ki fito."

Mutanen garin ba sa kashe su. Wasu na cewa akwai alkawari tsakaninsu da kakanni, wasu kuwa na cewa ko an kashe ɗaya wani ne zai zo ya maye gurbinsa, gara wanda aka san halinsa. Ni dai ban taɓa sabawa ba. Kullum na doshi gangaren sai in yi ta addu'a har in cika tulu in hau tudu.

A shekarar da 'yata ta fari ta fara tafiya, damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika ya tumɓuke shingen ya tafi da shi. Da ruwa ya ja baya sai 'yan turaku jefi-jefi suka rage. Maza suka ce za a gyara, amma ga yankan shinkafa ga girbin dawa, aka yi ta sai gobe sai jibi. Ana cikin haka wata Bafulatana mai kawo mana nono ta ba mu labari cewa an ja musu maraƙi a wajen shan ruwa, ƙasa da mu kaɗan. Ta ce ko kuka bai samu ya yi ba.

Na yi wa maigida magana. Ya ce in ƙara haƙuri, da an kai dawa rumbu za su shiga daji saran turaku.

Wata hantsi na gangara da yarinyar a bayana. Na tarar da maƙwabciyarmu, wata Bamigila, 'yar wata ƙabila ta yankin, mai yawan dariya, tana ɗauraye tukwane. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne a bakinta, har surukata. Muka gaisa. Na cika tulu, amma zanen goyon ya kwance, sai na sauke yarinyar a kan yashi, nesa da ruwa a ganina, don in ɗaure da kyau. Kafin in gama gyara zani ta taka ta nufi bakin ruwan, tana bin wani fure da igiyar ruwa ta kawo.

Sai na ji muryar matar nan, ƙasa-ƙasa, ba alamar dariya a ciki.

"Amarya, kar ka yi ihu. Ɗauki yaro. Ja da baya."

Na ɗaga ido. Kusa da wani turken da ya rage, wasu 'yan ƙulle-ƙulle ne a saman ruwa, idanu da hanci, ba sa motsi, amma sai ƙara matsowa suke yi. Ban san yadda aka yi ba, na dai ga hannuna ya damƙi damtsen yarinyar na fizgo ta, ta tsala kuka. A daidai nan matar ta wurga wata babbar tukunya cikin ruwa, can gefe. Ruwan ya dare, na ga baki da jela, na ji ƙarar fashewar tukunyar. Muka hau tudu da baya da baya, har na faɗi zaune, yarinyar a ƙirjina.

Matar ta zauna kusa da ni tana haki. Da numfashinta ya dawo sai ta ce, "Tukunyan miya na ne fa." Ban iya yin dariya ba.

Da na isa gida na ce wa maigida ya mai da ni Lafiya. Surukata ta duba hannun yarinyar, inda yatsuna suka yi shati, ta shafa mata man kaɗanya. Ɗanta ta juya ta kalla, ta ce, "Dawa ba ta da ƙafa. Za ta jira ku."

Washegari shi da mijin maƙwabciyar suka bi gida-gida. Maza suka bar girbi suka shiga daji, aka kafa sabon shinge ninki biyu. A kwanakin da ake aikin surukata ce ke ɗebo mana ruwa, da tsufanta, wani na tsaye a kanta da mashi. Daga baya maigida ya haƙa mini rijiya a bayan gida, amma da rani ya tsananta ta ƙafe, dole na koma kogi. Na saya wa maƙwabciyata sabuwar tukunya a kasuwar Assakio, muka kuma daina gangarawa sai tare, ɗaya na ɗiba ɗaya na kallon ruwa.

Na daɗe ina zabura in na ga itace a kwance, ko a tsakiyar gona ne. A garin na haifi sauran 'ya'yana, kuma duk yaran unguwa sun koyi iyo a cikin shingen nan, ban da nawa. Na hana su. Babbar har yau tana mini ƙorafi, wai ta tashi a bakin kogi amma ko kwalekwale ta shiga sai ta rufe ido.