A Dawo wa Inna Rabi da Takalmin Malam

"Baba, ba ni shi in kai Sakkwato a sake mashi ƙasa. Kafin watan nan ya mutu zan kawo maka shi da hannuna, yana ƙyalli."

Ka tuna wannan maganar? Ni na tuna, don ina zaune a bakin ƙofar ɗakin Inna Rabi ka faɗe ta ga mijinta, Malam Umaru. Damina biyu ke nan.

Yau da safe ina shirin fita makaranta aka kira ni, aka ce Malam Umaru ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi jana'izarsa a Tambuwal kafin azahar.

Har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Ku yi haƙuri da rubutun, yadda ya zo haka zan sa shi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Umaru shi ne hedimastanmu na firamare a Kebbe, a shekarun da Jihar Sakkwato take sabuwa, kuɗin mai na shigowa, ana ta buɗe makarantu har a ƙauyukan da ba su taɓa ganin alli ba. A ɓoye muna ce masa Malam Ƙwas-ƙwas.

Sunan daga takalminsa ya fito. But ne na fata, ruwan ƙasa, ya rufe idon sawu, da zif a gefe da dunduniya mai tsayi. Da ariyas ɗinsa na farko, wato cikon albashin baya da aka biya shi, ya saye shi, yana saurayi. Yakan sa shi da safari da wando mai faɗin ƙafa, ga suma an taje. Tun daga barandar ofis muke jin tahowarsa, aji ya yi tsit.

Sai da na girma, ni ma na zama malama, na tambaye shi dalilin da ya sa aka buga wa dunduniyar ƙarfe. Ya yi dariya ya ce, "Don ku ji ni tafe ku bar ɓarna. In na iske ku dole in yi bulala, ni ko ba ni son ta."

Da damina, in rafin hanyar Fakku ya kawo, yakan cire takalmin ya ɗora a ka, ya naɗe wando, ya tsallakar da ƙanananmu ɗaya bayan ɗaya.

Littafin farko da na karanta ba don jarrabawa ba, shi ya ba ni, an naɗe bangon da takardar siminti. Da na mayar masa sai ya ce, "Ashe wurinki yake." Haka yake. In ya ba da aro, kunyar tambaya yake ji. Duk wanda ya zauna da shi ya san wannan, kai ma ka sani.

Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta shirya karrama shi, kai ne ciyaman. Muka ce kowa ya yi shigar wancan zamanin, Malam ya fito da safarinsa ya taka barandar nan mu sake ji. Matarsa Inna Rabi ta buɗe akwati. Safari lafiya, wando lafiya, takalmin ma fatarsa garau, don ita ke shafa masa mai tun aurensu. Ƙasan ne kawai ya cinye. A nan ka miƙa hannu.

Wata ya mutu, ka ce shumekan, mai gyaran takalmin, ya tafi garinsu biki. Daga baya ka ce irin ƙasan da ake so sai an aiko daga Kano. Sannan wai ruwa ya shiga shagon, ana shanya kaya. Taron kuma ka ɗage shi, ka sake ɗagewa, har mutane suka gaji da tambaya a gurup ɗinmu na waya.

Ni ban gaji ba. Ranar da aiki ya kai ni Sakkwato na bi kwatancen da ka ba ni har shagon. Dattijon ya saurare ni tsaf, ya ce, "Hajiya, irin wanga takalmi in ya shigo hannuna ba ni mance shi. Ba a kawo ba." Da na gaya maka, ka ce ai ba wannan shagon kake nufi ba, na gaba da shi ne.

Na gaba da shi mai cajin waya ne.

Na ce to, bari in nemo wa Malam wani, ko taron ya yiwu yana da rai. Na bi 'yan gwanjo a kasuwar Tambuwal, na sa an kwance mani dila a Sakkwato, na aika har Jega. But ɗin sojoji na nan, na leburorin kamfani mai ƙarfe a baki na nan, na roba kuwa ba a magana. Irin na Malam babu. Wani ɗan gwanjo ne ya ce mani, "Hajiya, irin shi ba ya kwana a kasuwa. Angwaye ke rububinsa don hoton kafin biki, wai shigar da."

Shi ya sa da hotunan bikin ɗanka suka fito bayan ƙaramar Sallah na tsaya na duba da kyau. Ango da wando mai faɗin ƙafa da ƙaton tabarau, ya jingina da tsohon babur. A ƙafarsa but ne ruwan ƙasa, mai zif.

Ba zan rantse cewa shi ne ba. Wandon ya rufe rabinsa. Kan zif ɗin hagu na Malam ya karye tun muna yara, ya sa zoben makulli a wurin, ita kuma ƙafar hagun ango tana bayan taya. Sai na rubuta a ƙasan hoton, "Allah ya sanya alheri. Takalmin nan fa, a ina aka samo?" Kafin la'asar an sauke hoton. Da ya dawo, an yanke shi daga gwiwa.

Kowa ya fassara wa kansa.

Ganina na ƙarshe da Malam a watan jiya ne. Na kai masa wani da na saya ta intanet daga Legas, a hoto kamar an tsaga kara. Ƙafarsa ta kumbura, bai ma gwada ba. Ya ɗauki ɗaya ya buga dunduniyar a siminti, ya kasa kunne.

"Hafsatu, wanga bebe ne."

Muka yi dariya har Inna ta leƙo. Sai na ɗauko waya zan nuna masa hoton bikin. Ya ture hannuna. "Rabu da shi, ɗiyata. Ƙila yana da uzuri. Yaro ne mai son a gan shi, tun yana aji ukku haka yake."

Na ce, "Malam, yaron nan fa har ya aurar da ɗa."

Ya ce, "Gare ni dai yaro ne."

Darajar irin wannan halin nasa ka ci duk watannin nan. Ban tona ka ba don kada ransa ya ɓaci.

Yau da na shiga cikin gida, mata cike, Inna Rabi ta riƙe hannuna ta jawo ni kusa. Ta ce, "An ce in tara kayan Malam wuri guda kafin a zo rabo. Ga safarin nan, ga wandon. Ni ba ni son gona, ba ni son babur. In anka zo fidda mani tumunina, takalmin nika so a sa ciki. Da shi ya zo gidanmu neman aurena, har babana ya ce wane ne wanga mai tafiya kamar doki."

Matar da mijinta ya rasu da safe, abin da ta roƙa ke nan.

Ina fitowa na buɗe waya, sai ga ta'aziyyarka. Ita ce ta farko a gurup, doguwa, da hotonka kana dafe da kafaɗarsa. Wai uba ne a gare ka, wai za ka sa a yi masa saukar Alƙur'ani. Madalla, Allah ya karɓa. Amma takalmin yanzu ya tashi daga hannun Malam mai kunyar tambaya, ya zama na magada. Tare muka yi makarantar allo, ka san hukuncin mai riƙe kayan gado.

In ya ɓata, ka faɗa. In ka sayar, ka ce ga wanda ya saya, ni zan bi shi. In yana ƙarƙashin gadon ɗanka, ka sa a leda ka kawo. Kada ka yi tunanin sayo wani ka shafa masa ƙasa. Inna tana goge wannan fatar tun kafin ka san sa takalmi.

Ya Allah ka jiƙan Malam Umaru, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa. Ka tsallakar da shi siraɗi cikin sauƙi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Inna Rabi da 'ya'yansa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya karanta masa Ƙulhuwallahu, ya sa shi a addu'a.

Kai kuma, ban kira sunanka yau ba saboda yau ranar Malam ce. Na ba ka zuwa addu'ar bakwai, kafin liman ya shafa fatiha, takalmin ya kasance a hannun Inna. In an watse babu shi, zan sa sunanka a nan tare da hoton bikin mai ƙafafu, don na ajiye shi kafin a yanke. Washegari kuma ni da babban ɗan Malam za mu je gaban alƙali a Tambuwal, can sai ka yi masa kwatancen shagon.