Gorunan Malamin Wasanni

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki aka kawo mana sabon malamin wasanni a firamarenmu ta Wudil, wani siririn mutumin kudancin Kaduna. Ya tarar ba ƙwallo, ba raga, filin ma an shuka gyaɗa a rabinsa. Da wani ne sai ya sa mu fareti, hagu-dama, har a kaɗa ƙararrawa. Shi kuwa tambaya ya yi: su wa ke tsallako kogi a kwale-kwale? Muka ɗaga hannu. Su wa suka iya iyo? Ba wanda ya ɗaga. Mu 'ya'yan manoma ne, mu da ruwa sai wanka da alwala.

Ya je ya aro manyan goruna wurin masunta, irin waɗanda suke kifa ciki a kai su bi ruwa. Da rani, inda ruwan bai wuce ƙugu ba, ya riƙa kifa mu a kansu muna harba ƙafa kamar kwaɗi. Kullum sai ya canza maka gora da ƙaramar da ba ta kai ta jiya ba. Wata rana ka farga ba komai a ƙarƙashinka. Haka ajinmu ya iya iyo. Ajin ƙanena ne ke biye, har ya ƙosa.

Sai iyaye suka tayar da ƙayar baya, wai ana kai musu yara bakin 'yan ruwa. Babanmu ne kan gaba. Suka je wa sabon kansila, shi kuma ƙuri'a yake lallashi, nan take aka hana. Malam ya zo har zaurenmu.

"Baba, kullum fa ta ruwan nan suke zuwa makaranta," in ji shi.

"Malam, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. A bar mana yara a tudu."

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da damina ta yi tsakiya, kwale-kwalen ya kife da mu dab da gaɓa. 'Yan ajinmu duk muka fita. Na koma ciki, na sake komawa, ban kama ko rigar ƙanena ba. Sai da la'asar masunta suka fito da gawarsa.

Malam ya zo gaisuwa, ya durƙusa can gefen tabarma. Babanmu ya miƙa hannu ya kama nasa. Mutane na shigowa suna fita, shi bai saki hannun ba.